Layin dogon da ya tsaya a Kaura Namoda: don wa aka shimfiɗa shi?

Nasiru: Jama'a, ni fa na gaji da jin cewa Turawa ba su bar mana komai ba sai asara. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Gusau da Kaura Namoda a 1929. Da wannan layin manomin Lardin Sakkwato ya fara sayar da gyaɗarsa ya riƙe tsabar kuɗi. Wannan ai ci gaba ne.

Malam Bello: Nasiru, tambaya guda nika yi maka. Don mi layin ya tsaya Kaura, bai iso birnin Shehu ba? Nan cibiyar lardi take, nan Sarkin Musulmi yake. Inda gyaɗa da kaɗa, watau auduga, sunka yawaita, nan anka kai dogo, daga can ya miƙe sai bakin teku a Ikko. Hanyar fitar da kaya ce.

Nasiru: Allah gafarta Malam, amma ba wanda ya tilasta wa manomi shuka gyaɗa. Turawa auduga suka so, don masaƙun Lankasha ta Ingila, shi ya sa suka kafa kamfanin bunƙasa noman auduga, BCGA, a 1902. Manoman Kano suka duba farashi a 1912 suka zaɓi gyaɗa. Masaƙan gida ma sukan sayi auduga da tsada fiye da kamfanin. Kada mu mai da kakanninmu marasa dabara.

Hajiya Asabe: Ɗana, dabara kam suna da ita, amma ka manta da haraji. An kashe kuɗin wuri, aka ce haraji da jangali sai da sulen Bature. Ina talaka zai samo sule in bai noma abin da kamfani ke saye ba? Kuma lokacin kaka ake karɓa, sa'ad da kaya suka fi araha. Gonar da za a zuba gero da dawa sai a rage ta. Wanda bai da abin sayarwa kuwa sai ya tafi cin rani, ko haƙar kuza a Jos. Lokacin yaƙin duniya na biyu ma dole aka riƙa yi wa mutane, ana kwasarsu zuwa ramukan kuzar, da yawa ba su dawo ba.

Malam Bello: Ga kuma fata, wadda ta fi ci mini rai. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a Turai tun ana ratsa hamada da ita, har suna kiranta fatar Maroko. Majemanmu na jeme ta, su rina, dukawa su ɗinka. Da kamfanonin Turawa, John Holt da UAC, sunka kama kasuwa, mafi yawanta busasshiya anka riƙa ɗorawa jirgi. Jima da ɗinki da ribarsu sunka koma can.

Umaru: Kawu, ni ina tsakiya. Alhassan Ɗantata fa da gyaɗar nan ya yi arziki, dalar gyaɗa kuma hannun 'yan ƙasa ne ya tara ta.

Hajiya Asabe: Dillali ɗaya ya samu, manoma nawa suka samu? Daga 1949 hukumar sayen gyaɗa ce ke yanke farashi, ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma a ajiye ta Landan.

Nasiru: Hajiya, wannan hukumar ai ba ta tafi da Turawa ba. Ta zama ta Jihar Arewa a 1954, namu suka ci gaba da ita bayan 1960, manomi bai ga canjin farashi ba. In zalunci ne, kowa ya ɗauki rabonsa.

Malam Bello: Na yarda da wannan, ban wanke kowa ba. Amma dubi masaƙar Kaduna: sai 1957 anka buɗe ta, lokacin Sardauna na Firimiya, shekara 54 bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Duk tsawon wannan lokaci kaɗarmu na fita ɗanya, akoko na dawowa muna saye.

Umaru: Nasiru, har yanzu ba ka amsa zancen Kaura ba fa.

Nasiru: Zancen Kaura na sallama, don kaya aka yi layin. Zancen cewa manomi bai amfana ko kaɗan ba, wannan ina nan kan bakana.