Neman kalmar Hausa: me za mu kira "diversity" a batun malaman injiniya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ina neman taimakonku a kan kalmar da Turawa ke cewa "diversity", musamman yadda ake amfani da ita a jami'o'in Amurka, inda akan ɗauki waɗanda suka kammala digiri na uku aikin bincike na ɗan wa'adi, domin su gano abin da ya sa mata da baƙaƙen fata suka yi ƙaranci a cikin malaman da ke koyar da aikin injiniya. A Jami'ar Vanderbilt, alal misali, Farfesa Ebony McGee da Farfesa William Robinson sun kafa wani shiri mai suna EDEFI a kan wannan batu. Alƙaluman ƙungiyar ASEE mai kula da ilimin injiniya a ƙasar sun nuna cewa a shekarar 2018 mata ba su kai kashi 20 cikin 100 na manyan malaman fannin ba, baƙaƙen fata kuma ba su kai kashi 3 ba, alhali su ne wajen kashi 13 na mutanen Amurka. Sauran kalmomin da ke cikin kan maganar da nake fassarawa daga Turanci ba su ba ni wahala ba. "Postdoc" na ce mai binciken bayan digiri na uku, "faculty" kuwa a can malamai ake nufi, ba tsangaya ba kamar yadda muka saba a Bayero ko Ahmadu Bello. Wannan ɗayar ce ta tsaya mini, domin "bambance-bambance" da ke fara zuwa bakin kowa ba ta kwanta mini a rai ba.

Wani tsohon mai fassara: Wa'alaikumus salam. Malam, kana da gaskiya da ka yi shakka. A kunnen Bahaushe, bambanci ya fi kusa da "nuna bambanci", wato fifita wani a kan wani, saboda haka idan ka rubuta cewa jami'a tana ƙoƙarin ƙara bambancin launin fata a tsakanin malamanta, mai karatu zai ɗauka wariya ake shirin ƙarawa, wanda shi ne akasin abin da ake nufi. Ni dai ina ganin a ɗauki "raba daidai", tunda mun riga mun san ta daga tsarin rabon muƙaman gwamnatin tarayya a tsakanin jihohi, wanda ya shiga kundin tsarin mulkin Najeriya a 1979.

Wata malamar jami'a: Ranka ya daɗe, na yarda da kashin farko na bayaninka, amma ina da ja a kan na biyu, kuma dalilina na tarihi ne. Kalmar nan ta samu gindin zama a jami'o'in Amurka ne bayan shari'ar Bakke ta 1978, lokacin da Kotun Ƙolin ƙasar ta soke tsarin makarantar likitanci ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, wadda ta ware gurbi 16 cikin 100 ga ɗalibai 'yan tsiraru. Alƙali Lewis Powell ya ƙi amincewa da ware gurabe, amma ya yarda jami'a ta duba asalin mutum a matsayin ɗaya daga cikin abubuwan dubawa, domin ɗalibai su amfana da zama da waɗanda ba irinsu ba. Ke nan kalmar ta zo ne a madadin kaso, don haka fassara ta da "raba daidai" mayar da ita ne ga abin da aka kawo ta domin a kauce masa. Ko wannan ƙofar ma kotun ta rufe ta a watan Yunin 2023, a shari'ar da ta shafi ɗaukar ɗalibai a Harvard da Jami'ar Arewacin Karolina.

Abin da kalmar ke bayyanawa shi ne yanayin da jerin malamai yake ciki: shin mutane iri ɗaya ne, ko kuwa daga wurare dabam-dabam suka fito? Ba ta faɗin cutar da aka yi wa wani, ba ta kuma faɗin maganin da za a yi. Saboda haka nake ba da shawarar "tattaruwar mabambanta". Tana riƙe da ma'anar bambanci ba tare da jin wariya ba, domin mabambanta su ne mutanen, kuma tattaruwa abu ne da ake iya cewa ya ƙaru ko ya ragu, wanda shi ne mai bincike yake aunawa.

Wani ɗalibin injiniya: Malama, a gafarce ni, me zai hana a ce "cuɗanya"? Ta fi gajarta, ta kuma fi daɗi a baki.

Malamar jami'a: Tana da daɗi, amma a ajiye ta, akwai inda za a buƙace ta. Masu wannan bincike suna rarrabewa tsakanin a tara mutane da kuma a tafi da su, kuma mutum yana iya zama cikin jerin malamai alhali ba a shawara da shi. Rahoton da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 1999 a kan malamai mata na tsangayar kimiyya ya nuna haka. Farfesa Nancy Hopkins sai da ta ɗauki abin awo ta auna faɗin ɗakunan gwaje-gwaje, kuma rahoton ya tabbatar da cewa ana tauye manyan malamai mata ta fuskar faɗin wurin aiki da albashi da kayan aiki, har shugaban jami'ar na lokacin, Charles Vest, ya amince da hakan a fili. Shekara biyu bayan haka hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, ta buɗe shirin ADVANCE a 2001 domin tallafa wa jami'o'i su gyara yadda suke ɗauka da riƙe malamai mata. Waɗancan matan sun tattaru a jami'ar, cuɗanyar ce ba a yi da su ba. Idan muka ba abu biyun suna ɗaya, ba za mu iya fassara irin wannan rahoto ba.

Tsohon mai fassara: Na janye "raba daidai", Malama. Sai dai akwai wani tarko da ban ji kowa ya ambata ba, wato kalmar "jinsi". Muna cewa jinsin mata, muna kuma cewa jinsin Larabawa, saboda haka wanda ya rubuta "mabambantan jinsi" bai faɗa mana wanne yake nufi ba, alhali binciken ya haɗa duka biyun, har ma yana duba inda suka haɗu, kamar halin da malama baƙar fata take ciki, abin da Farfesa Kimberlé Crenshaw ta raɗa wa suna a 1989. A bar jinsi gaba ɗaya, a ce "maza da mata" a fili, ɗayan kuma a ce "launin fata".

Mai tambaya: Na gode, malamai. Na ɗauki "tattaruwar mabambanta" da "maza da mata", amma maimakon launin fata zan ce "asali", domin alƙaluman sukan ƙirga 'yan asalin Latin Amurka a matsayin rukuni na musamman, alhali a cikinsu akwai farare akwai baƙaƙe, kuma hukumar ƙidayar Amurka ta daɗe tana tambayar wannan dabam da tambayar launi. Kan maganar zai zama: binciken bayan digiri na uku a kan tattaruwar mabambantan asali, maza da mata, a cikin malaman injiniya. Inda aka zo kan baƙaƙen fata su kaɗai, sai in ambace su da sunansu.