Wai da gaske ana iya yin kurmi a ɗan fili cikin gari?

MaiLambu:
Salam jama'a. Akwai wani fili a bayan layinmu, da can juji ne, an kwashe sharar amma ƙasar ta ƙanƙame kamar siminti, ga ɓaraguzan gini, ko ciyawar kirki ba ta fitowa. Sai na ji ana zancen tsarin Miyawaki, wai a cusa itatuwa kusa da kusa har su zama kurmi cikin 'yan shekaru. To ni abin da ya ɗaure min kai, ba cewa aka yi a riƙa ba bishiya tazara ba? Ta yaya uku ko huɗu za su rayu a murabba'in mita ɗaya?

DattijonGandu:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ai cunkoson shi ne dabarar. Akira Miyawaki masanin tsirrai ne ɗan Japan, ya rasu a 2021, shi ya lura cewa tsoffin kurmin da ke kewaye da wuraren bautarsu su ne suka riƙe itatuwan asali na ƙasar, sai ya fara kwaikwayonsu, a farkon shekarun 1970 ya dasa irinsa a harabar masana'antar ƙarfe a Oita. Idan ka matse su kowacce rige-rigen neman rana take, sai ta miƙe sama maimakon ta baje. Kuma ba iri ɗaya ake jerawa ba, ana gauraya dogaye da matsakaita da ƙananan da ke son inuwa, duka na asalin yankin. Wasu za su mutu kam, an san da haka tun farko.

UmmanYara:
Malam MaiLambu ka bar zancen dashe tukuna, ƙasar ce aikin wallahi. Mu da muka gwada sai da muka haƙa kusan mita ɗaya muka tsince duwatsu da leda da fasassun kwalabe, muka cakuɗa da takin gargajiya da ƙaiƙayi don ta yi laushi ta riƙe ruwa, bayan dashe muka lulluɓe ƙasan da busasshiyar ciyawa mai kauri. Shekara biyu zuwa uku ana ban ruwa ana cire ciyayi, daga nan inuwa ta rufe sai ka ƙyale shi. Kuskurenmu ɗaya, wani ya kawo mana wata baƙuwar bishiya mai saurin girma muka sa guda biyar a gefe, kafin mu ankara ta danne na kusa da ita duk sun tsumbure, dole muka sare. Ka yi shinge kuma, dabbobi ba sa jira.

AbbaInjiniya:
Ni dai a rage zuzutawa. Wannan maganar ta "ya fi daji saurin girma sau goma" masu tallata shi ne suka fi yaɗa ta. Eh yana aiki, a Holan sun fara a Zaandam a 2015, wajen itace 600 a fili kamar na wasan tanis, kuma Shubhendu Sharma ya yaɗa shi a Indiya bayan ya bar aikin injiniya a Toyota. Amma yana cin kuɗi da ruwa, kuma Japan ƙasar ruwan sama ce. In wurinku busasshe ne ku fara lissafin ruwan shekara ukun nan kafin ku sayi dashe ko ɗaya.

MaiLambu:
Na gode ƙwarai. Hajiya, wurin juji ne fa, ina tsoron abin da ke binne a ciki.

UmmanYara:
To a kai ƙasar a gwada ta tukuna, in akwai gubar batir ko baƙin mai sai an kwashe saman an zuba sabuwa. Kuma ka samo izinin hukuma a rubuce kafin ka sa diga.