Sabon gidan rediyon FM a Kano: yaya zan raba waƙoƙi?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. An ba ni riƙon sashen shirye-shirye a wata sabuwar tasha mai zaman kanta. Mai gidan yana son a cika yini da Afrobeats, wai abin da matasa ke so ke nan, kuma shi ke janyo tallar kamfanonin waya. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don masu kiranmu a waya mafi yawansu 'yan adaidaita ne da matan aure da teloli. Don Allah waɗanda suka daɗe a harkar, ku ba ni shawara.

Baba Mai Faifai: Wa alaikumus salam. Ɗana, tun da tashar rediyon Freedom ta buɗe a 2003 ake wannan gardama a garin nan. Kada ka fara da tambayar wace waƙa ce ke tashe, fara da tambayar wa ke kusa da rediyo a wannan sa'ar. Bayan asuba ba a kiɗa. Karatu ne da bege. Da hantsi gida na hannun mata, ana shara ana ɗora sanwa, a nan nanaye da waƙoƙin Indiya ke da kasuwa, musamman in ka haɗa da gaishe-gaishe. Afrobeats ka ajiye shi zuwa bayan la'asar, sa'ad da 'yan makaranta suka taso. Dare kuwa na kalangu ne da kotso da kuntigi. Yaron da maigidanka ke nema yana da waƙoƙinsa cike da waya, ba ya jiran ka. Amma dattijon da ke son jin Shata ko Ɗanƙwairo a tsanake, in ya same su a wurinka, ba zai ƙara murɗa akwatinsa ba, kuma sau da yawa shi ne mai shagon da zai kawo talla.

Maman Ikram: Baba ya yi gaskiya. Ni dai roƙona, ku riƙa sauraron waƙa har ƙarshe kafin ku sake ta. Muna zaune da yara, sai a saki baitin da za ka rasa inda za ka sa fuskarka. Nan take nake canja tasha, kuma ba na dawowa.

Injiniya: Ka karanta dokokin NBC, wato hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, da kyau, suna son waƙoƙin gida su fi na waje yawa nesa ba kusa ba. Ka kuma riƙe jerin waƙoƙin da hukumar tace fina-finai ta jiha ta haramta. Sannan kada ka manta da Sabon Gari: ko awa ɗaya ta fuji da highlife ranar Asabar za ta kawo maka tallar masu kayan gyaran mota.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai. Baba, to watan azumi fa, a dakatar da kiɗa gaba ɗaya ne?

Baba Mai Faifai: Da rana ka bar wa tafsiri da ƙasidu fili, masu ɗaukar nauyi ma da kansu za su zo. Bayan tarawihi ka sa gargajiya mai sanyi da wasannin tashe. Jadawalin sallah kuma ka gama shi tun goman tsakiya, don telolin da ke kwana a kan keke su ne masu sauraronka na dare a lokacin.