Ina son in mai da waƙar kaboyi sana'a, ta ina zan kama?

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Kolorado, na iya kaɗa jita daidai gwargwado, kuma tsofaffin waƙoƙin kaboyi sun shiga raina. Waɗanne zan fara haddacewa, a ina ake samun wurin yi, kuma abin yana riƙe gida?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kiɗan Nashville da kake ji a rediyo daban, waƙar kaboyi daban. Masu sauraronta labari suke bi: doki, fari, gadin shanu da dare, korar garke daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas. Nemi littafin da John Lomax ya tattara a 1910 da ɗan ƙaramin na Jack Thorp na 1908. Haddace kamar talatin da baitocinsu duka, don idan ka tsallake baiti labarin ya karye, kuma dattawan masu sauraro sun sani. Waƙoƙin waɗannan littattafai sun fita daga haƙƙin mallaka. Amma da yawa daga na zamanin finafinan Gene Autry da Roy Rogers har yanzu da masu su, domin kariyar tsofaffin ayyuka a Amurka tana kai shekara 95 daga bugawa. Kafin ka naɗa irin waɗannan a faifai, sai da lasisi.

Amsa ta biyu:
Ɗan uwa, ga maganar hannu da murya. A yawancin waƙoƙin, kamun tsirkiya uku, G, C da D, sun ishe ka. Ka taɓa tsirkiya mai kaurin murya guda, sannan ka shafa sauran; a kan G kana musanya ta shida da ta huɗu. Da yawa bugu uku-uku ne, a kan takun doki mai tafiya, ba mai sukuwa ba. Abin da ke kayar da sababbi sauri ne: kalmomi su haɗiye juna, mutane su daina bin labarin.

Yodel kuwa, tsallake ne daga muryar ƙirji zuwa siririyar murya ta sama, kuma karyewar da ake ji a tsakani ita ake so, kada ka lulluɓe ta. Fara da “e” a ƙasa, “i” a sama, minti goma a rana. Da ka ji maƙogwaro na zafi, tsaya.

Sai jitar. Iskar Kolorado busasshiya ce, katako yana son danshi kashi 45 zuwa 55. Idan ya yi ƙasa sosai fuskar jita tana tsagewa, ƙarafan wuya su fito suna yankar yatsa. Sa jiƙaƙƙen soso a cikin gidan sabulu mai huji, ka rufe shi tare da ita a akwati.

Amsa ta uku:
Malam, kada ka ajiye aikinka tukuna. Kasuwar ta bazara ce, daga Yuni zuwa Agusta: gidajen gona masu saukar baƙi a Wayomin da Montana, da wuraren cin abincin dare irin Flying W Ranch da ke kusa da kai a Colorado Springs. Masu wuraren tun da sanyi suke zaɓen mawaƙa, saboda haka ka tura musu bidiyon waƙa uku da wuri. Ka halarci taron waƙen baka na kaboyi a Elko ta Nebada, wanda ake yi tun 1985 a ƙarshen Janairu, da taron ƙungiyar mawaƙan kaboyi a Albuquerque ta New Mexico cikin Nuwamba. A rubuta kuɗi, masauki da wanda zai kawo lasifika kafin ka kama hanya. Kuma idan ba ka taɓa kiwon shanu ba, kada ka ce ka yi, domin a cikin masu zama gabanka akwai makiyaya na gaske.