Shagon fotokwafi a Samaru, wa ya taɓa gwadawa?

Baƙon Zazzau:
Salam 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawara, aiki ya dawo da ni Zariya kuma ina da ɗan jari ina so in buɗe shagon fotokwafi da POS kusa da Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), tsorona kar in zuba kuɗi su narke. Samaru ko Kongo?

Ɗan Hayin Dogo:
Wa alaikumus salam. Malam Samaru ta fi, nan ne babban harabar take, ɗalibai sun fi yawa nesa ba kusa ba. Amma wallahi ka sa a ranka kasuwarka da kalandar makaranta take tafiya, lokacin rajista da lokacin da 'yan aji huɗu ke buga furojet ko ruwa ba za ka samu damar sha ba, ana yin hutu kuma sai ka wuni kana kallon titi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 wata takwas aka yi, Fabrairu zuwa Oktoba, da idona na ga maƙwabcina ya sayar da injinsa ya biya haya.

Maman Husna:
Yaya, ka haɗa da abin da mutanen gari ke saye, kamar cajin waya da katin waya, su ba sa tafiya hutu. Kuma ka sa sola, man janareta shi ke cinye riba.

Baƙon Zazzau:
Na gode Allah ya saka. Takarda fa, a ina kuke saro?

Ɗan Hayin Dogo:
Sabon Gari, in da yawa ne ka wuce Kano.