Daimon daga tokar mamaci: wa ya san kan abin?

Maman Hanan: Salamu alaikum 'yan zaure. Abokiyar aikina ce a nan Manchester, Baturiya, mijinta ya rasu aka ƙona gawar bisa al'adarsu. Tana so a mayar mata da tokar daimon ta sa a zobe. Wane kamfani za ta nufa? Ni dai tsoro nake kar a cuce ta.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Abin gaskiya ne, Hajiya. Sinadarin kabon, wanda shi ne asalin daimon, suke tacewa daga tokar ko gashi, su mayar da shi girafait, irin bakin fensir ɗin nan, sannan su sa shi a injin da ke matse shi cikin zafin da ya haura digiri 1,300. A hankali yake girma a jikin ɗan ƙwayar daimon da aka sa masa. Tunda a Turai take, ta duba Algordanza ta Suwizalan, tun 2004 suke wannan sana'a. A Amurka akwai LifeGem, wadda ta yi daimon da gashin Beethoven, shahararren mai tsara kiɗan nan na Jamus, a 2007, da kuma Eterneva a Texas.

Anti Rabi: Innalillahi! Mu dai ba ma ƙona gawa, ko gashin mamaci tare da shi ake binnewa. Kar wani ya gani ya ce zai gwada bai tambayi malamai ba.

Maman Hanan: Haka ne Anti, ai ba tamu ba ce. Amana ce kawai ta shawara.

Baban Sadiq: Ni inda nake da ja shi ne, wutar ƙona gawa tana cinye mafi yawan kabon, abin da ya rage galibi ƙashi ne. To ta tambaye su ƙiri-ƙiri: da kabon mijinta kaɗai za a yi, ko za a ƙara da wani? Su ba ta amsa a rubuce. Takardar GIA ko IGI, wato cibiyoyin da ke tantance duwatsu masu daraja, iyakarta ta ce wannan daimon ne ƙirar inji, ta faɗi nauyi da launi. Ba ta cewa daga jikin wane ya fito. Nan ne sai yarda.

Injiniya: Ka kawo magana, Alhaji. Shi ya sa zan fi karkata ga wanda ke barin mutum ya je ya ga wurin aikin, ya kuma ba da lambar bibiya tun ranar karɓar tokar. Algordanza kan nemi wajen giram 500, gashi kuwa 'yan giram sun isa. In daimon ɗin ya fito da ɗan shuɗi-shuɗi kar ta tsorata, sinadarin boron ne.

Anti Rabi: Kuɗin fa?

Baban Sadiq: Ko ƙaramin ma dubban daloli ne, ga jiran watanni. Kuma ranar da ta so sayarwa ba mai ba ta abin kirki.

Maman Hanan: Na gode ƙwarai. Akwai gashinsa da ta ajiye a buroshi, zan ce ta fara tambayarsu ko zai isa kafin ta aika tokar.