Ranar da aka fara sukar rubutunku, ya kuka yi?

'Yar Ƙofar Ƙaura, Katsina:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Yau kwana tara ban rubuta ko layi ɗaya ba. Ina sakin labarina shafi-shafi a WhatsApp, da waya nake bugawa da dare bayan yara sun yi barci, har babban yatsana ya riƙa sagewa. Da na saki shafi na 34, mutum kusan arba'in suka ce Allah ya ƙara basira. Sai wata ta rubuto: "Labarin nan ba kai ba gindi, marubuciyar ma ta manta abin da ta rubuta a baya." Na manta addu'ar arba'in ɗin nan kaf, maganarta kaɗai ke yawo a kaina ko a kan sallaya. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mani yadda ya fita.

Malamin makaranta mai ritaya, Daura:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Mu da muka fara a shekarun 1990 ba mutum ɗaya aka soka ba, dukkanmu aka haɗa. Littattafan soyayya na lokacin aka sa masu suna Adabin Kasuwar Kano, kuma an daɗe ana fafatawa a jaridu tsakanin Ibrahim Malumfashi, ɗan jiharmu, da ke ganin ba za su ɗore ba, da Abdalla Uba Adamu da ke kare su. A 2007 har ƙona irin littattafan aka yi a Kano a bainar jama'a.

Amma wadda ta fi ci mani rai tawa ce ta kaina. Na cika littafin rubutu uku da labari, na kai wa wani malamin Hausa da nake girmamawa. Bayan sati biyu ya maido mani, kowane shafi ya yi jajir da jan biro. Duk inda na raba "ya na" ya haɗe, duk ƙ da ɗ da na bari ba lanƙwasa ya zagaye, a shafin ƙarshe ya rubuta cewa jarumina ba ya da aibi ko ɗaya, don haka ba mutum ba ne. Na jefa littattafan cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, wata biyar ban taɓa su ba, har gaisuwa na rage mashi. Da damina ta kama na ciro su don kada sanyi ya lalata takardar, na zauna a zaure na sake karantawa. Wallahi babu inda ya zalunce ni. Har ya rasu ban gaya mashi haka ba, abin yana damuna har yau.

Ki koma ki duba ko da gaske kin manta wani abu a baya. Wannan ba zagi ta yi ba, wuri ta nuna maki.

Ƙanwarku daga Rafindadi:
Baba Malam, Allah ya jiƙan malaminka. Ni tawa daga cikin gida ta fito, Anti. Na rubuta labarin kishiya mai zuga miji, gwaggona ta ji ana karantawa a wayar ɗiyarta, ta rantse da ita nake. Ta zo har ɗakin mahaifiyata tana kuka, wai na tona mata asiri a duniya. Baƙo in ya zage ki kina iya rufe waya, gwaggo kuwa za ku haɗu a biki da suna. Na je na durƙusa na ba ta haƙuri, duk da Allah ya sani ba ita ce a zuciyata ba. Labarin kam ban janye shi ba. Abin da na canza, yanzu kafin in saki komai sai yayata ta karanta, ta gaya mani in akwai abin da ya yi kama da wani namu.

Wani ɗan Sabon Layi:
Ni an ce Hausata ba daidai ba ce don na rubuta "mashi" da "ɗiya". Na kwana ina huci. Daga baya na raba: bayanin labari da daidaitacciyar Hausa, amma in Bakatsine na magana a ciki, da Katsinanci zai yi, ko wa zai ji haushi. Wanda ya zagi iyayena kuwa ban amsa ba, na toshe lambarsa.

'Yar Ƙofar Ƙaura, Katsina:
Na gode ƙwarai. Baba Malam, na bi maganarka, jiya na karanta tun daga shafin farko. A shafi na 12 na ce mahaifiyar jarumar ta rasu tana goye, a na 31 kuma ga ta tana yi mata faɗa ranar kamu. Mutum arba'in ba wanda ya gaya mani. Na tura wa baiwar Allahn nan saƙo na gode mata, ko da yake har yanzu ina jin zafin "ba kai ba gindi" ɗin. Na mayar da uwar ta zama inna mai riƙo, shafi na 35 zai fita yau bayan isha'i in sha Allah.